Malam-buɗe-littafi da danginsa na dare: labarin duk yana wajen tsutsa

Akwai wata tumfafiya a bayan katangarmu, irin wadda ba wanda ya shuka kuma ba wanda ya damu ya sare, ko akuya wucewa take ba ta kallonta. Bara da damina ɗan yayata ya shigo da ganyenta a hannu, a jikin ganyen ga wata tsutsa mai zane-zanen fari da baƙi da rawaya kamar an ɗinka mata riga, da wasu siraran ƙahonni guda 6 suna rawa. Uwarsa har ta ɗago takalmi, na ce a'a Yaya bar mana ita, muka samo robar alawa muka huda murfin muka jefa ta ciki da ganye. Kwana huɗu ba abin da take yi sai ci da kashi, ci da kashi, sai wata safiya muka tarar ta rataye kanta a jikin murfin, kai a ƙasa, kafin la'asar ta zama wani ɗan kwanso kore shar mai ɗige-ɗigen ruwan zinare kamar ɗan kunnen amarya. Bayan sati ɗaya da 'yan kwanaki kwanson ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito, ruwan goro, bakin fikafikan baƙi da ɗigon fari. Yaron nan ya kalle ni ya ce Kawu to ina tsutsar ta tafi?

Tambayar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan, don na lura manya da yawa ma ba su haɗa abin biyu a kansu ba. Tsutsa abar ƙyama ce a take ta, malam-buɗe-littafi kuma abin sha'awa yara su bi shi da gudu, alhali rai ɗaya ne ya sake kaya. Kuma in ka tambaye ni, kusan duk abin da ake mamaki game da waɗannan halittu, yawansu, kalarsu, tafiye-tafiyensu, har ɓarnar da suke mana a gona, amsar tana wajen tsutsar ne ba wajen mai fikafikan ba.

Mu fara da lissafi. Masana sun rubuta wajen nau'i 160,000 na wannan dangin. A ciki, masu yawo da rana da muke kira malam-buɗe-littafi ba su kai 20,000 ba. Ragowar duka, kusan kashi 9 cikin 10 kenan, su ne waɗannan masu launin toka da ƙasa-ƙasa da ke zagaye ƙwan fitila da daddare suna faɗa maka cikin kofin shayi, waɗanda muke haɗa su gaba ɗaya mu ce ƙwarin fitila. Asun da ke huda rigar ulu a cikin akwati har ake zuba kafur saboda shi, ɗaya ne daga cikinsu, kuma shi ma ba mai fikafikan ne ke cin kayan ba, tsutsarsa ce. To abin da binciken ƙwayoyin gado ya nuna shi ne na ranan nan reshe ne kawai da ya ɓalle daga cikin na dare, wato gidan na 'yan dare ne, wasu 'ya'yan gidan ne suka koma aikin rana wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma alamu sun fi nuna a yankin nahiyar Amurka abin ya fara.

Ta yaya ake bambance su? Hanya mafi sauƙi ka kalli eriyar da ke kansu. Ta malam-buɗe-littafi siririya ce da ɗan kulki a ƙarshe kamar kan ashana, ta na dare kuwa ko dai kamar zare ko kamar gashin tsuntsu, musamman mazan. Na rana in ya sauka yakan haɗe fikafikansa sama ya riƙa buɗewa yana rufewa, nan ma sunan ya samo asali ai, na dare kuma ya shimfiɗa su kamar rufin bukka. Amma kar ka rantse a kan wannan ƙa'idar, akwai 'yan dangin dare da ke yawo da rana tsaka, akwai wani a Madagaska da kyansa ya fi na yawancin na rana, har aka daɗe ana ɗaukarsa malam-buɗe-littafi ne.

Wannan hodar da ke manne maka a yatsa in ka kama ɗaya, ba ƙura ba ce. Ƙananan ɓawo ne jere a kan juna kamar na kifi, ko kamar yadda ake ɗora kwanon rufi, dubbai a kan fiffike ɗaya, kuma su ne ke ɗauke da kalar, in ka goge su fiffiken ya koma kamar farar leda. Suna da wani amfanin ma, in ya faɗa yanar gizo-gizo sai hodar ta manne shi kuma ya zame ya tsira. Irin wannan ɓawon aka tono a cikin tsohon dutse a arewacin Jamus mai shekara wajen miliyan 200, yana cikin tsofaffin shaidun da suka nuna dangin nan sun riga furanni zuwa duniya. Wani abin daɗi kuma, shuɗin nan mai walƙiya na wasu manya da ke dazukan Kudancin Amurka ba rini ba ne sam, ba ko ɗigon shuɗi a jikin, tsarin ɓawon ne ke karya haske ya dawo da shuɗi zalla, kamar yadda bayan faifan sidi ke ba da kala-kala.

Yanzu ga inda maganar take. Mai fikafikai ba ya girma. Yadda ya fito daga kwanso haka zai mutu, ƙaramin malam-buɗe-littafi ba jaririn babba ba ne, nau'insa ne ƙarami. Duk girman da za a yi, duk kitsen da za a tara, a lokacin tsutsa ake yinsa, shi ya sa ba ta da aiki sai ci, tana saɓa fata sau 4 ko 5 saboda rigar ta matse ta. Yawancin masu fikafikan sati biyu zuwa huɗu ne rayuwarsu, aikinsu aure da ƙwai. Akwai wani ƙato na dare a kudu maso gabashin Asiya da faɗin fikafikansa ya kai santimita 24, shi ko bakin cin abinci ma ba shi da shi, da guzurin da tsutsa ta tara masa zai rayu 'yan kwanakinsa ya yi aure ya mutu.

Kuma tsutsotsin nan masu tsirfa ne wajen abinci, da yawansu ganye iri ɗaya ko dangin ganye ɗaya kawai suke ci, in babu gara su mutu da yunwa. Uwar ce ke zaɓa, kuma da ƙafa take ɗanɗanawa, in ka ga ta sauka a ganye tana ɗan buga shi da ƙafafun gaba to ɗanɗano take ta ji ko shi ne, kafin ta ajiye ƙwai. Dalilin wannan tsirfar shi ne tsirrai ba sa son a cinye su, kowane da gubar da ya tanada, ɗaci ko ƙaiƙayi ko farin ruwa mai danƙo, tsutsar da ta iya da gubar wani tsiro sai ta samu gona ita kaɗai ba kishiya, shi kuma tsiron a hankali ya sake dabara, a haka a haka shekaru miliyoyi dangi ya yi ta rarrabuwa. Shi ya sa inda itatuwa suka fi yawan iri nan su ma suka fi yawa. Afirka kudu da Sahara tana da nau'in na rana wajen 4,000, Najeriya kaɗai ta haura 1,000, kuma mafi yawa a dazukan kudu suke, irin tsaunukan Oban na jihar Kuros Riba. A irin waɗannan dazuka ne mafi girma a Afirka yake, mai siraran fikafikai da kan haura santimita 20. Mu nan Arewa namu ba su kai haka yawa ba, amma 'yan wuya ne.

Dawo kan tumfafiyar bayan katanga. Farin ruwanta guba ne mai taɓa zuciya, to ƙaramar tsutsar nan sai ta fara yanka ɗan da'ira a jikin ganyen ta bar ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci tsakiyar. Gubar da ta shiga cikinta kuma ba ta kashe ta, ajiye ta take a jiki, har ta bi ta cikin kwanso ta fito a jikin mai fikafikai. Tsuntsun da ya haɗiye shi zai sha amai, kuma ba zai sake kusantar mai irin wannan kalar ba. Don haka ruwan goron nan da baƙi ba kwalliya ba ce, allon gargaɗi ne, shi ya sa za ka ga yana tashi a hankali yana yanga ba ya tsoron kowa. Namu na Afirka ta Yamma ma akwai alamarsa, fikafikan baya farare ne, saɓanin na wasu yankunan da duk ruwan goro ne.

Sai 'yan damfara. Akwai wani nau'in daban, namijin baƙi ne wuluk da manyan ɗigon fari masu zagayen shuɗi, macen kuwa in ka gan ta za ka rantse mai tumfafiya ce, kala ɗaya zane ɗaya, alhali ba daga tumfafiya ta fito ba, rigar wani ta ara don tsuntsaye su ƙyale ta. Wani nau'in kuma na Afirka matansa sun kasu siffa fiye da 10, kowace tana kwaikwayon wani mai guba da ke yankinta, har masanan farko suka rubuta su a matsayin nau'i daban-daban kafin a gane uwa ɗaya uba ɗaya ne. In kana da bishiyar lemun tsami a gida je ka duba sabbin ganye, za ka ga wani abu baƙi da fari kamar kashin tsuntsu, taɓa shi ka gani, tsutsa ce, in ta girma ta koma koriya, in ka tsokane ta kuma ta fito da wani jan abu mai reshe biyu daga bayan kai mai wari. Ita ce ke zama babban nan baƙi mai ɗigon rawaya. Gizaka kuma ta zaɓi gashi mai ƙaiƙayi, duk wanda ta taɓa faɗo masa a wuya a gindin bishiya ba sai an masa bayani ba.

Abin da ke faruwa cikin kwanson, mutane na son cewa tsutsar narkewa take ta zama ruwa gaba ɗaya, to ba haka ba ne ɗari bisa ɗari. Yawancin naman jikin yana rushewa, gaskiya ne, amma tun tana tsutsa akwai wasu ƙananan dunƙulen ƙwayoyin halitta ɓoye a cikinta, wannan na fiffike ne, wannan na ƙafa, wannan na ido, suna jira, da lokaci ya yi su ne ke amfani da rusasshen jikin su gina sabo. Wani sashe na hanji da hanyoyin numfashi da na ƙwaƙwalwa gyara su ake ba rushewa ba. Amsar da na ba yaron kenan, ba inda ta tafi, ita ce wannan.

Su kuma na dare yaƙinsu da jemage ne. Jemage yana farauta da wata ƙara da kunnenmu ba ya ji, ya yi ihu ya saurari amsa-kuwwa ya gane inda ƙwaro yake. To da yawa daga cikin na dare suna da kunnuwa, ba a kai ba, a ƙirji ko a ciki, da sun ji ihun sai su nannaɗe fikafikai su faɗo ƙasa kamar dutse. Wasu sun wuce nan, su ma ƙara suke saki wadda ke rikita lissafin jemagen, wasu kuma dogayen jela suke ja a baya jemage ya kai cafka ya tashi da jela kawai. An daɗe ana koyar da cewa tsoron jemage ne ya koro malam-buɗe-littafi zuwa rana, magana mai daɗin ji, amma da aka yi lissafin shekaru a 2019 sai aka ga sun koma rana tun kafin jemage ya bayyana da shekaru miliyoyi, furannin rana suka biyo.

Maganar fitila ma haka. Mun taso ana cewa son haske ne ke kai su, har ana misali da su kan mai jefa kansa halaka. Wani bincike da ya fito a 2024, da aka ɗauki bidiyonsu da kyamara mai saurin gaske, ya nuna ba nufar fitilar suke ba, baya suke juya mata. A duhu ƙwaro yana gane ina ne sama ta wajen da ya fi haske, sai ya ba wajen baya don ya tashi daidai, to da ka kunna ƙwan sola a tsakar gida sai ya ɗauka nan ne sama, ya yi ta karkata yana zagaye har ya gaji ya faɗo, tsaka da ƙadangare suna jira a bango.

Game da furanni akwai labari ɗaya da ba na gajiya da shi. A 1862 aka aiko wa masanin halittun nan na Ingila, Charles Darwin, wani fure daga Madagaska wanda ruwan zaƙinsa ke can ƙasan wani bututu mai tsawon kusan santimita 30, ya ce to lallai akwai ƙwaron dare mai bakin da ya kai haka tsawo. Sai 1903 aka samo shi, Darwin ya daɗe da mutuwa, kuma sai 1992 aka ga yana shan furen ido da ido. Bakin nasu dama bututu ne da suke nannaɗewa kamar tabarma in ba sa sha. Ba kuma ruwan fure kaɗai suke sha ba, tarin fararen nan da kake gani a bakin rijiya ko inda shanu suka yi fitsari, yawanci maza ne, gishiri suke tsotsa, wanda suke miƙa wa mace lokacin barbara.

Tafiya kuwa, malam-buɗe-littafin Meziko su suka fi suna, waɗanda ke tasowa daga Kanada da Amurka su yi kilomita wajen 4,000 su taru a dazukan tsaunin Michoacán. Amma wanda ya fi shi nisan zango ta kanmu yake bi ba mu sani ba. Wani ɗan madaidaici ne mai ruwan goro da baƙi da fari, nauyinsa bai kai giram 1 ba, yana tasowa daga Turai ya ƙetare Bahar Rum da Sahara ya sauka yankin Sahel a ƙarshen damina lokacin ciyawa na nan kore, an same shi yana hayayyafa a Chadi da Benin, sannan jikokinsa su juya arewa. Zuwa da dawowa yana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, ba ɗaya ne ke yin duka ba, miƙa-miƙa ake daga uwa zuwa 'ya'ya. A watan Oktoban 2013 wani masani ɗan Sifaniya, Gerard Talavera, ya tsinci wasunsu a gajiye da yagaggun fikafikai a bakin teku a Guyana ta Faransa, can Kudancin Amurka inda ba a san su ba. Shekara 10 ana bin diddigi, da iska da garin furen da ke manne a jikinsu, aka tabbatar daga Afirka ta Yamma suka taso suka ƙetare Atlantika, kilomita 4,200 ba sauka.

To sai ɓangaren da ba daɗi, don manomi da ke karanta wannan zai ce malam kana ta yabon ɓarayi. Yana da gaskiya. Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ɗan mitsitsin ƙwaron dare ne daga Kudancin Amurka, ya shiga Sifaniya a 2006, zuwa 2016 ya cinye tumatir har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, duk mai cefane ya tuna yadda tumatir ya koma kayan gabas a shekarar. A farkon shekarar dai aka fara ganin tsutsar masarar nan mai shiga cikin kunnen shuka a Afirka, Najeriya na cikin wuraren farko, ita ma daga nahiyar Amurka, uwarta na iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya ta zuba ƙwai wajen 1,000 a rayuwarta. Tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa ita ta sa cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure mata a ƙarshen 2019. Lura da abu ɗaya, biyun farko baƙi ne, sun baro maƙiyansu a gida shi ya sa suka yi kaka-gida.

Don kowace tsutsa tana da mai cinta. Zanzaron da ke gini da laka a kusurwar ɗakinka, fasa ginin ka gani, cike yake da tsutsotsi a sume da ya tara wa 'ya'yansa. Wannan dabarar ake amfani da ita a Nijar kan tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana zana mata layi kamar an murɗa, wadda ake kira murzuna. Masu bincike a Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro, a zuba shi a 'yan buhunan algarara da ɗan hatsi a rataya a kusa da gonaki, ya fito ya bazu yana harbin tsutsar yana ajiye ƙwansa a jikinta. Ni dai wannan ya fi kwanta min a rai a kan feshin da muke yi ba awo ba lissafi, don maganin ba ya tambayar suna, da ɓarawon da zanzaron da ƙudan zuma duk yake kwashewa, sharon kuma ta riga ta nuna tana saurin sabawa da magani. A Amurka da suke ƙirga nasu duk shekara, sun ga malam-buɗe-littafi ya ragu da kashi 22 cikin 100 tsakanin 2000 da 2020.

Kuma kar mu manta mun ci moriyarsu. Siliki na Sin da ake ta labari, tsutsar ƙwaron dare ce ke saƙa shi, shekaru wajen 5,000 ana kiwonta, kwanso ɗaya zare ɗaya ne da kan kai ɗaruruwan mita. Mu ma muna da namu na daji, tsamiya. Tsutsotsin a tare suke rayuwa, in lokacin shiga kwanso ya yi su haɗu su saƙa gida ɗaya babba kamar jaka a jikin itace irin su tsamiya da doka, a ɗebo a dafa da toka a wanke, mata su kaɗa shi kamar auduga, ya fito ruwan ƙasa-ƙasa mai ƙarfin gaske, da shi ake aikin wuyan manyan riguna na sarauta, Yarbawa kuma suke saƙa sanyan da shi. Tsutsar kaɗanya kuma da ke aske bishiyar tas da damina, Nufawa da mutanen Kwara busar da ita suke su sa a miya, a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso soya ta ake ana sayarwa a kasuwa har da sawa a burodi.

Namu na robar alawa dai mun sake shi da hantsi bayan fikafikan sun bushe, ya ɗan zauna a kan yatsan yaron yana buɗewa yana rufewa, sannan ya haura katanga. Da na leƙa tumfafiyar bayan kwana biyu na juya ganyen, akwai ƙananan ƙwai farare guda 3 a ƙasansa, kowane shi kaɗai, girman kan allura.